Haruffa 21 da suka haɗe mini yatsu

Duk wanda muka taɓa gaisawa da shi hannu da hannu, in dai mai lura ne, ya san hannuna na dama ba irin na kowa ba ne. Tsakanin yatsan tsakiya da na zobe akwai tabo mai kama da haƙoran zarto, kuma yatsan zoben ya fi ɗan'uwansa na hagu kauri, ya ɗan karkace a gaɓa ta biyu. A haɗe aka haife ni da su, tun daga gindi har farce. Ina da shekara ɗaya da rabi aka yi mini tiyata aka raba su.

Labarin aikin a bakin Umma na ji shi. Ita ce kuma ta adana hoton ƙashin da aka ɗauka kafin a shiga da ni, cikin wani tsohon ambulan a ƙasan akwatinta. Sai da na kai aji huɗu a sakandare ta bar ni na ɗaga shi a hasken taga. Na zaci zan ga ƙasusuwan yatsu biyu manne da juna, sai na ga uku. Akwai wani siririn ƙashi, bai kai su tsawo ba, da ya kutsa kai tsakanin biyun ya maƙale. Cindo ne, sai dai ba irin wanda aka saba gani yana reto a gefen ƙaramin yatsa ba. Nawa ɓuya ya yi a tsakiya, fata ta lulluɓe shi, har likitan tiyata ya cire shi.

Ba a kaina aka fara ba a gidanmu. Hannayen Baba, Allah ya jiƙansa, lafiya lau suke, amma in ya cire takalmi za ka ga yatsun ƙafarsa na huɗu da na biyar a haɗe, dama da hagu. Mahaifiyarsa kuwa, wadda ban riska ba, an ce duka hannayenta biyu irin nawa ne, kuma haka ta rayu da su ba a raba ba. Yayata ba ta da komai. Duk da wannan tarihi a fili, Umma ta shafe shekaru tana ɗora wa kanta laifi, wai ta zame ta faɗi a kan matakala tana da cikina wata bakwai. In an ce mata ai ga shi nan a ƙafar mijinki, sai ta ce, "To shi a ƙafa ne, me ya kai shi hannu?"

Sai da matata ta sami ciki na tashi neman amsar wannan tambaya da gaske. Likitar da ke duba cututtukan gado ta jujjuya hannuna, ta zana jerin danginmu a takarda, ta sa aka ɗebi jinina. Bayan 'yan makonni sakamako ya dawo da suna mai nauyin faɗa: sinfolidaktili, wato haɗewar yatsu tare da ƙarin yatsa. Sanadinsa wata ƙwayar gado ce da ake kira HOXD13, wadda ke zaune a kan kuromosom na 2, ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da rubutun gado, wato DNA, ke naɗe a ciki. Kowa yana da kwafi biyu nata, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma a cikin ɗaya daga nawa akwai ƙarin haruffan DNA guda 21. Rubutun gadon ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3. Na ce, "Likita, 21 kacal?" Ta ce 21 kacal. Daga ranar na duƙufa karatu a kan wannan ƙwaya, kamar wanda ya tashi binciken asalin baƙon da ya daɗe a gidansa.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne, zaren labarin daga jikin ƙuda ya faro. A 1894 wani masanin halittu ɗan Ingila, William Bateson, ya tattara misalan dabbobin da wani sashe na jikinsu ya fito da siffar wani sashe dabam, kamar ƙwaro mai ƙafa a gurbin ɗan ƙahon da yake shinshinawa da shi. Ya raɗa wa abin suna homiyosis. A 1915 Calvin Bridges, a ɗakin binciken Thomas Hunt Morgan da ke Jami'ar Columbia, ya ci karo da irin wannan a jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Ƙuda fiffike biyu gare shi, a bayansu kuma akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle biyu da yake daidaita tashi da su. A wannan ƙudan, ƙulle-ƙullen sun fara rikiɗa zuwa fiffike. Edward Lewis na jami'ar Caltech da ke Amurka ya kwashe shekaru masu yawa a kan waɗannan ƙudaje, har ya samar da mai fiffike huɗu cif. A 1978 ya bayyana abin da ya gano: ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki a jere suke a kan kuromosom, kuma jerinsu ya yi daidai da jerin sassan jikin da suke kula da su, daga gaba zuwa baya. Wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 1995, tare da Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus.

Na daɗe ina kallon hoton ƙudan nan mai fiffike huɗu. Ƙarin fuka-fukan ba su da wani aibu, kyawawa ne, kammalallu. Kuskurensu ɗaya, sun fito a inda ba gurbinsu ba. Ashe ƙwayar da ta lalace ba ita ke ƙera fiffike ba. Aikinta ta gaya wa kowane yanki na jiki ko shi wane ne. Da ta yi shiru, sai yanki na uku na ƙirjin ƙudan ya ɗauka shi ne na biyu, ya gina abin da na biyu ke ginawa.

A 1984 ƙungiyoyi biyu, ta Walter Gehring a Basel da ta Matthew Scott da Amy Weiner a Jami'ar Indiana, kowace a nata ɓangaren, suka lura cewa waɗannan ƙwayoyi suna da wani gutsuren rubutu kusan iri ɗaya, mai haruffa 180. Shi aka sa wa suna homiyobokis, daga nan kuma aka yanko gajeren sunan Hox. Da suka ɗauki gutsuren suka shiga farautarsa a jikin wasu halittu, sai ga shi a tana, ga shi a kwaɗo, a kaza, a ɓera, a mutum. Haruffan nan 180 suna samar da wani sashen furotin mai amino asid 60 (su ne tubalan da ake gina furotin da su), wanda ke naɗewa ya yi murɗi uku. Murɗi na uku yana kwantawa cikin kwarin da ke jikin igiyar DNA, ya laluba haruffan wurin, in ya tarar da waɗanda yake nema ya kama. Da wannan kamun yake kunna wasu ƙwayoyin gado, ya kashe wasu. Shi ya sa nake jin haushi in na ga an rubuta wai an gano ƙwayar yatsa ko ƙwayar ido. Furotin ɗin HOXD13 bai zama ƙashi ko fata ko farce ba. Matsayinsa na shugaban magina ne, wanda ba ya ɗaukar bulo amma shi ke nuna inda za a yi ƙofa.

Ƙuda yana da ƙwayoyin Hox 8. Mu muna da 39, an kasa su gida huɗu: gidan A a kuromosom na 7, B a na 17, C a na 12, D a na 2. A kowane gida an ba su lamba daga 1 zuwa 13, ko da yake babu gidan da ya cika duka 13 ɗin. Gidan D guda 9 ne a cikinsa. Masu ƙananan lamba su ke fara farkawa, kuma wajen kai da wuya suke aiki. Masu manyan lamba suna biyo baya, suna kula da abin da ya yi ƙasa. Ta haka gaɓoɓin ƙashin wuya 7 suka san ba a ɗora musu haƙarƙari, 12 na ƙirji suka san nasu ne, 5 na ƙugu suka sake zama babu. A ɗakin binciken Mario Capecchi a Utah an cire wa ɓera duk ƙwayoyinsa masu lamba 10, sai haƙarƙari ya tsiro masa har a ƙugu.

HOXD13 ita ce auta a gidan D. Ita ke farkawa a ƙarshe, kuma a ƙarshen abubuwa take aiki: ƙarshen hanji, al'aura, yatsun hannu, yatsun ƙafa. A nan na sami rabin amsar Umma. Ƙwaya guda ce ke kula da tsinin hannu da na ƙafa, don haka abin da ya bayyana a ƙafar Baba da wanda ya bayyana a hannuna tushensu ɗaya.

Ɗaya rabin amsar yana cikin lissafin kwanaki. A mako na 4 bayan shigar ciki, ɗan tayi bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Wajen kwana na 26 wani ɗan tudu yake ɓullowa a kowane gefensa, shi ne zai zama hannu. Na ƙafa yana biyowa bayan kwana ɗaya ko biyu. A bakin tudun akwai wani kaurin fata da ke ta aika saƙo ga sel ɗin da ke ƙarƙashinsa, wato 'yan mitsi-mitsin tubalan da aka gina jiki da su, cewa su ci gaba da ƙaruwa. John Saunders ya nuna a 1948 cewa in aka kankare wannan kaurin daga ɗan tayin kaza, fiffike yana tsayawa cak a inda ya kai. A gefen da ƙaramin yatsa zai fito kuma akwai wani gungun sel mai fitar da furotin da ake kira Sonic hedgehog. Sunan wata bushiya ce ta cikin wasan kwamfuta, ba wasa nake ba, haka masu binciken suka ga dama suka sa masa. Kusa da gungun furotin ɗin yana da yawa, nesa yana raguwa, kuma da wannan bambanci ake rarrabe gefen ƙaramin yatsa da na babban yatsa. A 1968 Saunders da Mary Gasseling suka ɗebo irin wannan gungu suka dasa a ɗaya gefen, fiffiken kazar ya fito da yatsu ninki biyu suna fuskantar juna kamar an kafa madubi a tsakani.

A cikin wannan hada-hada ƙwayoyin Hox ke raba gari. Masu lamba 9 da 10 suna wajen damtse, masu lamba 11 suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, masu lamba 13 suna tafi da yatsu. In aka hana ɓera lamba 11 na gidan A da na gidan D, ƙasusuwa biyun da ke ƙasan gwiwarsa kusan ɓacewa suke yi. In lamba 13 na gidajen biyu aka cire, yatsu ba sa samuwa sam. Akwai kuma wani abu da ya burge ni a kan babban yatsa. A wuraren da sauran yatsu huɗu za su fito, HOXD13 tana aiki ne tare da maƙwabtanta masu lamba 10, 11 da 12. A gurbin babban yatsa ita kaɗai ce daga cikinsu. Yatsan nan da ya fita dabam, gajere, mai ƙashi biyu inda sauran ke da uku, tun a ciki aka ware shi.

Da, a tunanina yatsu tsirowa suke yi daga tafi kamar rassa. Ashe sassaƙa su ake yi. A mako na 6 hannu faffaɗan abu ne mai kama da filafilin kwale-kwale, babu tsaga ko ɗaya. A cikinsa sel suke cunkushewa su yi layi biyar na guringuntsi, waɗanda za su zama ƙashi daga baya. Sannan sel ɗin da ke tsakanin layukan su mutu. Mutuwa ce mai tsari, da umarni ake yin ta, kuma ita ke buɗe tsagar da ke tsakanin yatsu. A ƙafar agwagwa ana toshe wannan umarni, shi ya sa fatar tsakanin yatsunta ke nan. Zuwa ƙarshen mako na 8, lokacin da ɗan tayi bai fi santimita 3 ba, yatsu sun rabu, an gama. Duk wanda ke karanta wannan ya taɓa yin hannu irin na agwagwa na 'yan kwanaki. Ni dai a tsaga guda aikin bai ƙarasa ba, kuma a wurin da ya kamata sel su mutu sai suka gina ƙashi.

To ina haruffa 21 suka shigo? Na yi zaton a cikin homiyobokis ɗin za a same su, tun da shi ne sashen da ya yi suna. Ba a can suke ba. Can wajen farkon furotin ɗin akwai inda amino asid ɗaya mai suna alanin ya jeru sau 15. Haruffan DNA uku ke rubuta amino asid ɗaya, saboda haka ƙarin haruffa 21 na nufin ƙarin alanin 7: nawa 22 ne. Mai yiwuwa kuskuren mai kwafe ne, irin wanda ke faruwa idan layi ya cika maimaici, ido ya zame ya koma baya ya sake rubuta abin da ya riga ya rubuta. Wani kakana can baya ya faru a jikinsa, daga nan aka yi ta miƙa shi yadda yake, domin irin wannan ƙari ba ya yawan canza tsawo daga uba zuwa ɗa. Yasuteru Muragaki, Stefan Mundlos, Joseph Upton da Bjorn Olsen ne suka gano haka a Boston a 1996, kuma shi ne karo na farko da aka danganta wata larura ta ɗan Adam da ƙwayar HOX. An haife ni, an yi mini aiki, na yi wayo, duk kafin wani a duniya ya san sanadin abin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wannan ƙari ya fi rashi ɓarna. Akwai wani ɓera da aka samu da irin kuskuren nan sak, ƙarin alanin 7, kuma ba wanda ya sa masa, da kansa ya faru. Idan ya gaji kuskuren ta uwa da uba, yatsunsa sun fi na ɓeran da aka cire wa ƙwayar gaba ɗaya lalacewa. Dalili kuwa, in ƙwayar ba ta nan, 'yan'uwanta na gidan A da na gidan D suna ɗan rufa mata asiri. Amma furotin mai dogon jerin alanin ba ya naɗewa daidai. Yana dunƙulewa a waje, ba ya shiga cibiyar sel inda DNA yake, har ya riƙe lafiyayyen furotin ya hana shi shiga bakin aiki. Ma'aikacin da bai zo ba, wani zai iya riƙe masa. Wanda ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya tare hanya shi ne matsala. Binciken da ƙungiyar Mundlos ta yi a Berlin a kan wannan ɓera ya nuna cewa sinadarin retinoyik asid yana raguwa a tsakanin yatsu, alhali wannan sinadarin ne ke hana wurin zama guringuntsi. Siririn ƙashin da na gani a hasken taga, ga inda ya fito. Kada wata mai ciki ta karanta wannan ta je ta nemi ƙarin bitamin A don sinadarin daga gare shi ake samu; yawansa a lokacin ciki shi ma yana nakasa ɗan tayi.

A iyalan da aka bincika, ƙarin alanin yana kamawa daga 7 zuwa 14, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon tsananin abin da yawan gaɓoɓin da yake taɓawa. Namu shi ne mafi gajarta. A irinsa ne ake samun mai hannu ɗaya, mai ƙafa kawai, da wanda ke ɗauke da kuskuren amma yatsunsa 20 lafiya ƙalau. Da na gaya wa Yaya cewa ita ma tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba, sai ta miƙe yatsunta tana ƙirgawa kamar yau ta fara ganinsu.

Akwai wani bincike da na fi so a duk abin da na karanta, ko da yake bai shafi iyalina kai tsaye ba. A 1952 Alan Turing, masanin lissafin nan da aka fi sani a fagen kwamfuta, ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu, ɗaya mai zuga ɗaya mai hanawa, in suna yaɗuwa da sauri mabambanci, suna iya samar da zane mai ratsi-ratsi da kansu, ba tare da wani ya ja layi ba. A 2012 masu bincike a Sifaniya da Kanada suka gwada ko yatsu irin wannan ratsi ne. Suka ɗauki ɓeran da dama yana da yawan yatsu saboda rashin wata ƙwaya mai suna Gli3, suka riƙa rage masa ƙwayoyin Hox na tsinin hannu kaɗan-kaɗan. Duk sanda aka rage, yatsun sai su ƙara sirancewa, su ƙara matsuwa, su ƙara yawa, har suka kai 14 a dagi ɗaya. Ma'ana, ba a rubuta lamba biyar a ko'ina cikin DNA ba. Abin da ƙwayoyin Hox ke saitawa shi ne faɗin tazara tsakanin ratsi da ratsi, biyar kuma ita ce adadin da ke shiga faɗin tafi a wannan tazara. Tun da na fahimci haka na daina yi wa cindona kallon ɓarawon da ya shigo ta taga.

Tabon ma na sami bayaninsa. Da gangan likitoci ke yanka a karkace, domin miƙaƙƙen tabo yana tsukewa in yaro na girma, ya ja yatsa ya lanƙwasa shi. Sannan fatar da ta naɗe yatsu biyu a haɗe ba ta isa ta naɗe kowane shi kaɗai, dole a ciko. Tawa daga matsematsi aka yanko ta, shi ya sa launin gefen yatsan ya ɗan fi sauran duhu.

Na zaunar da Umma na yi mata lissafin a takarda. Na ce, "Umma, ranar da kika faɗi a matakala, hannuna ya fi wata huɗu da gamawa. Haruffan nan kuwa tun ranar farko suna tare da ni, daga wajen Baba suka zo." Ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce ita dai ta san ta faɗi. Ban ja da ita ba.

Likita ta riga ta gaya mana cewa kowane ɗa da zan haifa yana da rabi da rabi, ko ya gaji kwafin mai ƙari ko ya gaji lafiyayyen. A sikanin na wata biyar mun ga hannayen jaririyar a buɗe, na ƙirga biyar da biyar a allo har sau uku, mai na'urar tana yi mini dariya. Yatsun ƙafa sun yi ƙanƙanta, kuma ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ranar da aka haife ta, Umma ce ta fara kwance zanen da aka naɗe ta da shi. Ta bi hannayen ɗaya bayan ɗaya, ta sauka ƙafar dama, ta koma ta hagu, ta tsaya. Yatsa na huɗu da na biyar a haɗe suke har rabi. Likitan yara ya ce ba za a taɓa ba, ba zai hana ta tafiya ko gudu ko sa takalmi ba. Umma ta riƙe 'yar ƙafar a tafinta ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta tambayi matata ko ta taɓa faɗuwa da cikin. Matata ta ce ko tuntuɓe ba ta yi ba. Umma ta ce, "To, ƙafar kakanta ce," ta mayar da zanen ta rufe.